Asabar Takwas Ina Ce wa Baba Issaka Madalla

Asabar takwas na cinye wa Baba Issaka. Ban zage shi ba, ban sace masa komai ba, madalla kawai na yi ta ce masa, alhali kwanakin da suka rage wa hannunsa na hagu ba su da yawa. Wanda ya san ni ya san ni ce mai cika group da voice note da shewa, to yau dai ku yi haƙuri da ni. A coach, bas ɗin doguwar tafiya, nake wannan typing ɗin, mun baro Birmingham za mu Manchester, Goggo na zaune a kujerar gefena. Bari in fara da ita, don in babu ita babu labarin.

Levenshulme

Na sauka Manchester da akwati biyu, da admission ɗin master's a koyar da kiɗa, da kai ƙato. Fiyano a Jos na koya tun ina firamare, celo kuma a Abuja, shekara shida ina goga na aro. Wanda bai san celo ba, ya ɗauki goge a ransa, ya hura shi ya kai tsayin yarinya 'yar shekara goma, ya sa masa tsirkiya huɗu, ya zauna ya rungume shi tsakanin gwiwoyi. Shi ke nan celo.

Ɗakina yana saman wani shagon gyaran waya a Stockport Road, unguwar Levenshulme. Bango na zufa, taga na rawa duk sanda bas ta wuce. Sati na biyu na ga tallar celo online, arha kamar wasa. Muka haɗu da mai shi a car park, wani gaye mai fara'a, ya ce na kakarsa ne, ta rasu, ba ya iya kallon abin. Ni kuma sakarya har ta'aziyya na yi masa. Kwana huɗu da kawo shi ɗaki, heater na aiki, sai na ji ƙas. Bayan ya tsage tun daga wuya har ƙugu. Ashe tsohuwar tsaga ce, aka cike ta da kakin kyandir aka bi da man takalmi. Na kira lambar gayen, ta daina shiga. An sha da ni, a wuce wurin.

Na zauna a ƙasa na yi kuka mai majina. Na ɗauki waya zan kira Mama, sai na ji muryarta tun kafin ta ɗauka, "Sai da na ce ki karanta pharmacy." Na ajiye wayar.

Wani tsoho ɗan Ireland mai gyaran kayan kiɗa a wani lungu shi ya cece ni. Ya kwantar da celon a tebur kamar mara lafiya, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya ce zai rayu amma ba zai ƙara ɗaga murya ba. Ranar da na je ɗauka ya ba ni shayi da biskit, ya ce in gwada. Ina jan tsirkiyar ƙasa sai ga wani nishi sak na Goggo Hansai, yayar babana, in za ta tashi daga tabarma. Daga ranar celona ya koma mace, sunanta Goggo.

Yawo da ita a bas wani film ne. Wani ɗan Kano a shagon nama ya kalli baƙar jakar da na goyo ya ce, "Ƙanwata, gawar wa kika ɗauko?" Na ce ta haƙurina ce. Ya yi dariya ya ƙara min ƙashi biyu.

Visa ta ɗalibi ba ta yarda ka yi aikin kanka ba, sai an ɗauke ka, awa ashirin a sati. Na tura application har babban yatsana ya yi kanta. Wuri ɗaya ne ya amsa, wata community centre a Balsall Heath, can Birmingham, aikin koyar da kiɗa ranar Asabar kaɗai. Na karɓa da gudu.

Balsall Heath

Ƙarfe goma Hassana da Usaina ne, 'yan biyun wani likita ɗan Katsina da ke zaune a Erdington. Shekararsu bakwai, Hausarsu ba ta wuce "ina kwana" da "na ƙoshi" ba. Sha ɗaya kuma Margaret, tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya da ta yi ritaya ta ce sai ta iya fiyano kafin ta mutu. Duk ukun ba na raga musu. In yatsa ya kauce, "No, again." Margaret ta girmi Mama nesa ba kusa ba, amma da Turanci ko gezau ba na ji. Usaina har ta kan ce, "Miss, you're well strict."

Ƙarfe ɗaya na Asabar ɗin farko a Oktoba aka turo ƙofa. Dogon dattijo, hula, da wata jaket ta direbobi da ta koɗe. Ya duba takardar da aka manna a ƙofa, ya dube ni.

"Safiyya. Bahaushiya ce?"

Ban san sanda na kai ƙasa ba. "Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau, 'yata. Daga ina?"

"Jos, Baba."

"Ni Kumasi. Issaka. Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa bas a garin nan, yau na zo a tuƙa ni."

Tun da na bar gida ba wanda ya ce min 'yata. Sai da na juya na yi kamar ina neman wani abu a jaka.

Celo ya ce yana so. Na centre ɗin duk na yara ne, don haka na ba shi Goggo, kuma shi ya sa nake goyo ta duk Asabar har yau. Ya ɗauki ɗan dunƙulen da muke goga wa baka ya shinshina, ya ce, "Ƙaro." Ya ɗaga bakan ya ce, "Izga." Ban tambaye shi inda ya san sunayensu ba. Na ɗauka Hausar Gana ce kawai.

Na nuna masa yadda ake yi, na ja masa sau biyu. Ya karɓa. Izgar ya riƙe ta ta ƙasa, tafin hannu na kallon sama. Wannan da sauƙi, ana iya lallaɓawa a haka. Matsalar tana hagu. A celo dole ka danna tsirkiya har ta kwanta a kan katako, in ba haka ba fito za ta yi maka. Shi kuma taɓa ta kawai yake yi daga gefe, a hankali, kamar mai taɓa goshin jariri. Goggo ta saki wata ƙara irin ta ƙofar da ta shekara ba mai.

Ya ɗago ya ce, "Yaya?"

Na ce, "Madalla, Baba."

Ku fahimce ni, ba kare kaina nake ba. Ina 'yar shekara tara Mama ta taɓa kwaɗa min mari don na ce wa Kawu ba haka ake kunna rediyonsa ba, kuma ni ce da gaskiya. A gidanmu babba in ya yi kuskure sai a zagaye, a gyara bai sani ba. Ga shi ni mace, ta ina zan kama yatsun dattijo in danna? 'Yan biyu ina kama nasu in lanƙwasa yadda nake so. Na ce a raina zai gano da kansa, sati mai zuwa zan sake nuna masa ya gani.

Sati mai zuwan ya zo da robar ice cream a leda. Na buɗe, shinkafa da wake irin ta Gana, jawur, da baƙin yajinsu mai kifi, da dafaffen ƙwai. Ya ce, "Na ga wuyanki ya yi tsawo. 'Yata Ramatu ce ta dafa." A coach na cinye ta da hannu ina hawaye, wani Bature a gefe yana ta satar kallona. Daga nan kullum sai ya zo da robar, in wanke in dawo da ita. To ku faɗa min, wanda ya ciyar da kai haka, da wane baki za ka ce masa bai iya ba? Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce tsoro nake kada ya ji haushi ya daina zuwa, in koma ba ni da mai ce min 'yata.

Abin haushi, a uni a daidai lokacin muna module a kan yadda ake faɗa wa ɗalibi gaskiya. Na rubuta essay mai zafi, na ci maki har lecturer ta karanta wa aji. Asabar ta zo, Goggo ta yi fito, na ce madalla.

Na ga alamu kuma. Sati na huɗu ya daɗe yana fama da zip ɗin jaket. Na biyar makullansa suka faɗi sau biyu. Na ce sanyi ne.

Asabar ta takwas, ƙarshen Nuwamba, ya ja layinsa ya gama, ya ce yaya, na ba shi amsar da ya saba ji. Sai ya kwantar da izgar a cinya.

"'Yata, ni kurma ne?"

"A'a, Baba."

"To abin da kike ji ina ji. Kamar ana yanka akuya da wuƙar da ba ta ci. Ina zuwa da wuri, ina zama a bakin ƙofar nan, ina jin yadda kike yi wa Baturiyar nan. Ita kin ɗauke ta ɗaliba. Ni kin ɗauke ni tsoho."

Na sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ya ce, "Ni ma da nawa laifin. Na ce malama ta fi ni sani, ƙila haka kowa yake farawa. Na ji nauyin in tambayi 'yar cikina. Ke kina jin kunyata, ni ina jin taki, ga shi mun ci wata biyu."

Sai ya miƙo hannun hagu ya buɗe min. Naman da ke gindin babban yatsa ya zabge, wurin ya yi rami. Ya ce tun bazara GP, likitan unguwarsu, ya tura shi asibiti, suka ce ciwo ne mai cinye jijiya, ba ya komawa baya, kuma da hannun nan zai fara.

"Shi ya sa na zo. Ubana mai goge ne a zangon Kumasi. Ina yaro ya zaunar da ni zai koya min, na yi sati biyu na gudu, don a makaranta ana ce min ɗan maroƙi. Da na zo ƙasar nan na ce wa kowa ɗan kasuwar goro ne. Har 'ya'yana haka suka sani. Ya rasu ina kan sitiyari, ban je ba." Ya shafa izgar da ke cinyarsa. "Akwai wani kiɗa da yake yi da safe, shi kaɗai, kafin ya fita. Ba na biki ba ne, ba shi da suna, ba shi da waƙa. Shi ya fara koya min. Na sa an kawo min goge daga gida, fatar ta fashe a hunturun farko. Sai na ga hoton wannan a bango. Ina so in ja kiɗan nan da hannuna sau ɗaya, kafin hannun ya tafi."

Ashe riƙon goge yake yi. A goge taɓawa ake yi, ba a dannawa. Abin da ubansa ya sa masa a hannu shekara sittin da wani abu, shi yake ta kawo min duk Asabar, ni kuma ban ko tambaya ba.

Na ce, "Baba, a wannan dannawa ake yi. Har ƙasa, sai tsirkiya ta taɓa katako."

Ya danna. Ya ja. Goggo ta buɗe baki ta fitar da sauti ɗaya, cikakke, mai kauri, irin wanda ake ji a ƙirji. Bai kai numfashi biyu ba yatsan ya hau rawa ya zame.

"Wannan ne kawai?"

"Shi ne kawai, Baba."

Ya daɗe yana kallon hannun. "A Oktoba da shi nake buɗe wa Ramatu kwalba."

Ya jingine Goggo a bango. Ya miƙo min robar shinkafata kamar kullum. Ranar ban iya ci ba, har Manchester tana kan cinyata.

Janairu da Fabrairu

Na jefa littafin koyo a jaka, ban ƙara fito da shi ba. Shi zai yi kiɗan da hanci, ni in laluba a jikin Goggo har in samo. Na gwada a fiyano ya ƙi zama, wasu sautukan a tsakanin maɓallai suke faɗawa, sai celo da ba ta da shinge. Gaɓa uku ne. Ta farko tana hawa a hankali, ta biyu tana zagaye wuri ɗaya kamar mai neman abin da ya yar, ta uku ta sauko ta kwanta.

Maganar taɓa hannu kuma fensir ya raba gardama. Da gindinsa mai roba nake danna masa yatsa. Na zama muguwa.

"Ba haka ba. Sake."

"Yatsa na biyu ya yi baya, Baba. Sake."

Ya ce, "Azzaluma. Gara da kina ƙarya." Yana faɗa yana dariya har hularsa na karkacewa.

Ƙarshen Janairu ya ja gaɓar farko daga kai har gindi, shi kaɗai, da hannunsa biyu. Da ya gama bai ce yaya ba. Ya rufe ido kawai. Ni na fita corridor na yi rawa ni kaɗai, mai shara tana kallona.

Muka shiga ta biyu. Ƙaramin yatsa ya riga ya tafi, sai na sake tsara masa komai a kan uku. Sati biyu bayan nan na kusa da shi ya bi, na mayar da komai kan biyu. Muna tsakiyar gaɓa ta biyu ranar da ya danna, ya danna, jijiyar wuyansa ta tashi, tsirkiyar ta ƙi kwanciya. Goggo ta yi fiton nan na da. Muka kalli juna.

Asabar biyu bai zo ba. Ta uku ina cikin koya wa Margaret wayata ta yi ƙara.

"Safiyya ce? Ramatu ce, 'yar Baba Issaka. Ya ce in kira ki, wai ki zo gida da Goggonki. Wace ce kuma Goggo? In ƙara shinkafa?"

Ashe ce mata ya yi motsa hannu yake zuwa yi a centre, ni kuma wata marainiyar Allah ce da ya tsinta a can.

Gidan Baba

Ƙaramin gida ne a jerin gidajen nan masu manne da juna, tafiyar minti goma. Anti Ramatu ta buɗe ƙofa da kayan aikinta na kula da tsofaffi, ta ga abin da na goyo, ta ja baya. Baba na falo a kujera, hannun hagu a kan matashi kamar ba nasa ba. Muryarsa ta fara nauyi.

"Ramatu, zauna. Kakanki ba goro yake sayarwa ba."

Ya faɗa mata duka, a gajarce. Ta ce, "Baba, shekara arba'in da biyar kana ce mana goro."

"Ƙarya na yi."

"To me ya sa yanzu?"

"Don ki ji shi. Ba ki taɓa jin muryarsa ba."

Na kafa Goggo a tsakanin gwiwoyinsa, na sa masa izga a dama, riƙonsa na ƙasa. Na durƙusa a hagunsa na kama wuyan celon. Na ce, "Ni zan danna, kai ka ja. Anti, ki tallafe masa gwiwar hannu." Ta tsaya jim, sannan ta zo ta tallafe.

Muka tafi. Ta farko ta hau lafiya lau, ya san ta kamar hanyar bas ɗinsa. Ta biyu muka wuce inda muka tsaya a Fabrairu, na ji numfashinsa ya canza. Ta uku bai taɓa jan ta ba a rayuwarsa, sai dai da hanci. Ya ja ta. Goggo da aka ce ba za ta ƙara ɗaga murya ba ta cika falon nan. Anti Ramatu na riƙe da gwiwar hannunsa, hawaye na ɗiga a kan rigar aikinta, ba hannun sharewa.

Ya juyo da ƙyar ya ce, "Yaya?"

Wallahi madalla ta taso min har maƙogwaro. Kuma a ranar ko wa ya ji zai ce ta dace. Na haɗiye ta.

"Ka yi gaggawa a ta uku, Baba. Izgar ta ƙare maka kafin sautin ya ƙare. Sake."

Ya yi dariya har ta zama tari. "Ramatu, kin ji? Yau na ga malama."

Ya ɗaga izgar zai sake. Ta zame daga yatsunsa ta faɗi a kafet. Anti Ramatu ta ɗauko za ta mayar masa, ya girgiza kai.

"Sati mai zuwa."

Na ce, "To, Baba. Ka yi practice."

Duk mu ukun mun sani.

Na ci gaba da leƙa shi duk Asabar in na tashi, amma bai ƙara riƙe izga ba. Ranar Talatar nan Anti Ramatu ta turo min saƙo ina cikin lecture. Allah Ya jiƙan Baba Issaka, Ya jiƙan mahaifinsa mai goge. Yau na je na yi musu gaisuwa. Zan fito ta bi ni har ƙofa da robar ice cream ɗin nan, ta ce ya bar wasiyya kada a daina. Ga ta nan a cinyata, da sauran ɗuminta.

Gaɓa ɗaya da rabi ya samu da hannunsa biyu. Na juya abin ta kowace fuska a coach ɗin nan, kuma na san Asabar takwas sun ishi ɗaya da rabin da ta rage.

Kafin in je gaisuwar sai da na yi aikina. 'Yan biyu suka zo suka tafi, Margaret ta zo ta tafi. Ƙarfe ɗaya ta yi, ba wanda ya turo ƙofa. Na fito da Goggo, na goga ƙaro, na juya hannuna na riƙe izgar ta ƙasa. Na ja gaɓa ukun ni kaɗai, ina dannawa har katako. A ta uku na yi gaggawa, daidai inda ya yi. Ba kowa a ɗakin da zai faɗa min, sai na ce wa kaina, sake.